Yadda Ake Goge Ɗaki da Mofa Mai Tururi Ba Tare da Omo ko Bilic Ba

Shekara huɗu ke nan ina goge ɗakunan gidanmu da ke unguwar Mabera a Sakkwato da mofa mai tururi, kuma abin da ya kai ni gare ta tun farko shi ne ƙirjin ɗana na biyu. Yaron yana da asma, duk ranar da aka goge falo da omo da bilic da turaren goge-goge, to a daren nan babu mai runtsawa a gidan saboda tari. Daga baya ne na lura da wata riba da ban sa ta a lissafi ba, wato ruwa. Falo da ɗakuna uku da ɗakin girki suna cin kusan jarka guda mai lita 25 idan da bokiti za a yi, domin sai an canza ruwan sau biyu ko uku, alhali da tururi lita ɗaya da rabi take isata, ban da ɗan abin da zan wanke tsummoki da shi. Duk wadda ta taɓa tsayawa bakin ƙofa a watan Afrilu tana jiran 'yan ga-ruwa ta san darajar jarka guda a Sakkwato. Shi kuma ruwan bokitin nan mai kumfa da sinadari a kwata muke zubar da shi, wani ya nutse ƙasa, wani ya bi magudana ya gangara fadama, inda ake noman kayan miyar da za su dawo tukunyarmu.

Kafin a shiga aiki, akwai abu ɗaya game da na'urar da ya kamata ki riƙe. A cikinta akwai ɗan tanki da ƙarfe mai ɗaukar zafi irin na butar lantarki. Ruwa yana tafasa a digiri 100 ya zama tururi, kuma lita ɗaya ta ruwa tana ba da kusan lita 1,700 ta tururi, shi ya sa ruwan kofi biyu yake isar babban ɗaki. Tururin yana ratsa tsumman da ke ƙafar mofar, ya sauka a kan tayil, ya koma raɓa, ya saki zafinsa a kan maiƙo da dattin da suka kama ƙasa har su yi laushi. Aikinsa ya tsaya a nan. Tsumman ne yake kwashe dattin. Ranar da surukata ta fara ganin ina aikin, cewa ta yi: "Ke ɗiyata, wanga ƙarhe naku mi shika wanki da shi, ban ga ruwa ba?" Na cire tsumman na ce, "Inna, duba nan." Da ta ga yadda ya yi jawur da ƙura, ba ta sake tambaya ba.

Kayan da za ki tanada

Mofar kanta. Yawancin na gida ƙarfinsu yana tsakanin wat 1,200 zuwa 1,600, tankinsu kuma yana ɗaukar abin da bai wuce rabin lita ba. Akwai na kamfanoni irin su Kärcher da Bissell da Shark da Vileda, akwai kuma na Sin masu sauƙin kuɗi. Ko wacce za ki saya, ki juya bayanta ki karanta 'yar takardar da aka manna. Wutar Nijeriya bolt 230 ce, saboda haka ki nemi wadda aka rubuta 220–240V. Tokumbo da ake shigowa da su daga Amurka 120V ne, kuma idan aka jona su kai tsaye a soket ɗinmu nan take suke ƙonewa. Ana iya amfani da su da taransifoma mai rage wuta, amma wadda za ta ɗauki wat 1,500 tana da nauyi da tsada, har ta cinye rangwamen da aka samu. Idan ta hannu ce za ki saya, kada ki biya sai mai shago ya zuba ruwa ya jona ta kin ga tururi yana fita sosai, ba yayyafin ruwa ba.

Tsummoki aƙalla huɗu. Kamfani yakan haɗo ɗaya ko biyu a kwali, kuma ba za su ishi gidan Sakkwato ba. Na asali ana yin su da yadin maikurofaiba, mai siraran zare da ke riƙe ƙura. Idan ba ki samu ba, ki yanka tsohon tawul na auduga daidai girman ƙafar mofar, ki ninka shi biyu, ki kai wa tela ya dalla masa roba a gefe yadda zai kama. Kada ki sa yadin leda ko ragowar atamfa mai roba, domin ba sa shan ruwa kuma zafi yana ƙanƙance su.

Ruwa marar gishirin ƙasa. Zan yi bayaninsa a mataki na uku, domin a garin nan gishirin ƙasa da ke cikin ruwa shi ne abin da ya fi kashe waɗannan na'urori.

Sauran kayan kina da su a gida: tsintsiyar laushi, abin kwashe shara, busasshen tsumma mai faɗi ko busasshiyar mofa, tsohon buroshin haƙori, ɗan sabulun salo, mazurari ko kofin awo, da silifa mai rufe yatsu. Idan soket yana nesa, ki samu wayar jona mai kauri.

Mataki na 1: Ki tabbatar ƙasan ɗakinki yana jure tururi

Wannan sau ɗaya ake yin sa a kowane ɗaki, amma tsallake shi yana jawo asarar da ba ta gyaruwa. Tayil na yumɓu mai ƙyalli, wanda shi ne a yawancin sababbin gidajen Arkilla da Bado da Gawon Nama, shi ya fi dacewa da tururi. Tarazo mai santsi irin na tsofaffin gidajen gwamnati shi ma yana jurewa. Marmara tana jurewa idan an shafe ta da abin toshe ƙofofin dutse, kuma a yi mata da tururi kaɗan.

Ledar ɗaki kuwa kada ki kusance ta da shi. Zafi yana sa ta yi laushi ta tattare, gam ɗin da aka manna ta da shi ya saki, danshi ya shige ƙarƙashi ya yi funfuna. Na ɓata wa ƙanwata sabuwar ledar ɗakinta ta wannan hanya a watan farko da na sayi mofar, kuma sai da aka ɗaga ta gaba ɗaya. Haka abin yake ga katakon zamani da ake shimfiɗawa falle-falle, wanda yake kumbura a mahaɗa idan danshi ya shige shi. Simintin da aka shafa wa jan man goge ƙasa ko fenti shi ma tururi yana narkar da man ya bar dabbare-dabbare. Daɓen ƙasa na gargajiya da aka yi da makuba, yayyafi da tsintsiya ne hakkinsa.

Idan kina shakka, ki ɗiga ruwa cokali ɗaya a lungu ki bar shi minti biyar. In ya tsaya a dunƙule a sama, to ƙasan a toshe yake. In ya nutse wurin ya yi duhu, kada ki sa tururi. Sannan ki bi tayil ɗin kina ƙwanƙwasawa da bayan cokali. Wanda ya yi ƙara kamar ganga, akwai rami a ƙarƙashinsa, ki wuce kansa da sauri idan kin zo guga. Inda farin simintin da ke tsakanin tayil ya fashe, a cike shi tukuna.

Mataki na 2: Ki duba wutar da za ki yi aiki da ita

Mofa mai wat 1,500 tana jan wuta kamar dutsen guga. A wutar gari tana jan kusan amfiya 6.5, wanda soket mai baki uku mai fis na amfiya 13 yake ɗauka ba matsala, matuƙar ba a haɗa ta da hita ko dutsen guga a wayar jona ɗaya ba. Siririyar wayar jona irin ta cajin waya tana yin zafi har ta narke, saboda haka bayan minti biyar da farawa ki taɓa wayar, in kin ji ɗumi sosai ki kashe.

Game da kuɗin wuta, lissafin mai sauƙi ne. Wat 1,500 na tsawon minti 20 rabin yunit ne a mita. Duk gidana ba ya wuce yunit ɗaya da rabi.

Idan wutar ta zo da rauni, irin wadda fanka take juyawa da ƙyar, ki haƙura da aikin. Ƙarfen ba zai yi zafin da zai mayar da ruwa tururi ba, sai mofar ta riƙa tofar da ruwan ɗumi. Sitabilaizar talabijin ko ta ƙaramin firji ba za ta ɗauke ta ba, sai mai ƙarfin da ya ninka na mofar. Ƙaramin janareta na shago wanda bai kai wat 1,000 ba shi ma ba zai iya ba, zai yi ta gurnani ya mutu. Masu sola su duba inbatarsu. Mai 1kVA ko 1.5kVA ba ta isa ba. Mai 3.5kVA tana ɗauka, amma a yi aikin da hantsi zuwa azahar lokacin da rana take kan faranti, a kashe firiza da injin jan ruwa, don kada a tsotse batir.

Mataki na 3: Ki zaɓi ruwa

A ƙarƙashin wani ɓangare na ƙasar Sakkwato akwai dutsen farar ƙasa, wanda shi ne dalilin kafa masana'antar siminti a Kalambaina. Ruwan rijiya da na burtsatse da ya ratsa irin wannan dutse yana ɗauke da narkakken sinadarinsa. Ki leƙa cikin butar shayinki. Idan kin ga farin ɓawo ya kama gindinta, to ruwanki yana da shi. A buta ba ya hana komai, amma hanyar da tururi yake bi a cikin mofa siririya ce ƙwarai, kuma wannan ɓawon yana toshe ta cikin 'yan watanni. Mofata ta farko haka ta mutu, da ruwan burtsatse na kashe ta.

Mafi kyau shi ne tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batirin mota ko na sola. A nan akwai hatsari babba da ya kamata ki sani. Masu cajin batir suna sayar da ruwa iri biyu, tataccen ruwa zalla da kuma ruwan asid, kuma a ido kamarsu ɗaya. Ki sayi wanda yake a rufaffiyar gora ta kamfani mai rubutu, ki faɗa wa mai shago ƙarara cewa marar asid kike so. Kada ki karɓi wanda aka ɗura a gorar lemo.

Idan babu shi, ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki yana yi, domin daga iska ya taru, ba shi da gishirin ƙasa. Ki tara shi a bokiti mai tsabta, ki tace da farin ƙyalle ninki biyu saboda ƙura. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, ki tari ruwan sama bayan ruwan farko ya wanke kwano, ki tace, ki ajiye a jarka mai murfi. Ni jarka biyu nake cikawa a watan Agusta, suna kai ni har tsakiyar hunturu. Fiya wata ba tatacce ba ne, amma ya fi na rijiya sauƙi idan an rasa sauran. In kuwa dole sai na burtsatse, ki tafasa shi, ki bar shi ya kwana, ki tsiyaye na sama ki bar gindin. Wannan yana rage abin, ba ya kawar da shi duka.

Ruwa kaɗai ake zubawa a tanki. Na san yadda muke son ƙamshi, kuma kusan duk wadda na koya wa aikin nan tambayarta ta farko ita ce ko za ta ɗiga turaren goge-goge ko humra. Mai ne a cikinsu, yana toshe na'ura, yana kuma barin santsi a tayil. Bilic da sauran magungunan kashe ƙwayoyin cuta sun fi haka muni, domin zafi zai tashe su su zama hayaƙin da za ki shaƙa kai tsaye. Idan kin gama ƙasa ta bushe, ki sa turaren wutarki a kasko, ƙamshin ma ya fi kama ɗaki mai tsabta.

Mataki na 4: Ki kawar da ƙura tukuna

A nan ne rabin aikin yake, musamman daga Nuwamba zuwa Fabrairu lokacin da iskar hunturu take sauke mana ƙura mai laushi kamar garin alkama. Idan tururi ya haɗu da wannan ƙura, taɓo ake samu, kuma mofar za ta shafe shi a ko'ina, in ya bushe ɗakin ya fi da muni.

Ki fitar da tabarmi da darduma da ƙananan kafet. Tumtum na fata da duk wani kayan dukanci ki ɗaga su daga ƙasa, domin fatar jar akuyar nan tamu tana tauri ta tsattsage idan zafi da danshi suka taɓa ta. Ki kakkaɓe labule da kujeru da kan tebur, daga sama zuwa ƙasa. Sannan ki share da tsintsiyar laushi, kina jan ta a hankali ba kina watsawa ba, ki shiga gindin bango da bayan ƙofa. Bayan shara ki ba ɗakin minti goma zuwa sha biyar, ƙurar da ta tashi ta sauka. Sai ki bi da busasshen tsumma ko busasshiyar mofa ki kwashe ta. Mai injin zuƙe ƙura ta huta da wannan jira. Ki shafa tafin hannunki a ƙasa, in kin ji yashi ko tsakuwa, ki sake bi, domin yashin da ya maƙale a tsumma yana karce ƙyallin tayil.

Inda miya ko manja ko man gyaɗa ya zube ya daskare, ki kankare shi da bayan cokali, ki goge da ɗan tsumma mai sabulun salo, ki bi da ruwa. Tururi yana narkar da maiƙo, amma idan maiƙon yana da yawa tsumman zai cika nan da nan ya riƙa raba shi ga sauran ɗakin.

Mataki na 5: Ki haɗa na'urar

Tana cire daga wuta za ki yi duk wannan. Ki manna tsumma mai tsabta a ƙafarta, ki tabbatar ya rufe ko'ina. Ki zuba ruwa da mazurari har layin da aka zana, kada ki wuce shi, domin tankin da ya cika maƙil yana sa ta tofar da ruwa. Ki rufe murfin da kyau. Ki sa silifarki, ki fitar da yara ƙanana daga ɗakin ki rufe ƙofa. Ƙunar tururi ta fi ta tafasasshen ruwa tsanani, kuma yaro mai rarrafe zai bi abin da yake huci don ya taɓa. Sai ki jona. Yawancinsu cikin rabin minti suke yin zafi, wata fitila ta kama ko ki ji huci. Tofin farko yakan zo da ruwa, saboda haka ki fara a kan wani tsohon tsumma a bakin ƙofa har tururin ya daidaita.

Mataki na 6: Gugar kanta

Ki fara daga lungun da ya fi nisa da ƙofa kina ja da baya, wayar tana bayanki ko a kafaɗarki, yadda ba za ki taka inda kika goge ba. Ki raba ɗakin a ido, tayil uku ko huɗu a faɗi. Ki tura mofar gaba a hankali, ki jawo ta baya a kan layin, sannan ki matsa gefe yadda sabon layi zai hau kan tsohon da faɗin yatsu uku.

Saurin hannu shi ne kuskuren da kowa yake farawa da shi, domin hannunmu ya saba da mofar bokiti da ake wurgawa dama da hagu. A nan tafiyar amarya ake so. Kada kuma ki danna da ƙarfi, nauyin na'urar ya isa. Alamar kina yi daidai ita ce ƙasan ya yi ɗan danshi kamar raɓa, ya bushe cikin minti ɗaya ko biyu. In kin ga ruwa yana kwanciya, ko dai tsumman ya jiƙe, ko wuta ta yi rauni, ko kin buɗe tururin fiye da kima. Idan mofarki tana da maɓallin ƙarfi, ƙarami na ɗakin kwana ne da marmara, matsakaici na falo, babba na ɗakin girki da bayi.

Ki riƙa ɗaga ƙafar kina duba tsumman. Da zarar ya yi ja ko ya yi nauyi da ruwa, ki kashe, ki jira minti biyu ya huce, ki kama shi ta gefe ki cire, ki sa wani. Da hunturu falona kaɗai yana cin tsumma biyu. Wadda ta goge gida duka da tsumma ɗaya, dattin ɗakin farko ta rarraba wa sauran. Ki bi ɗakunan daga mai tsabta zuwa mai datti, wato ɗakin kwana, falo, ɗakin girki, sannan bayi a ƙarshe, kuma tsumman bayi ki yi masa alama da jan zare, kada ya taɓa shiga wani ɗaki.

A kan tabo mai taurin kai, kamar shayi da ya bushe ko sawun takalmi a bakin ƙofa, ki tsayar da mofar daƙiƙa goma zuwa sha biyar, sannan ki goga. Zafi yana kashe ƙwayoyin cuta ne idan ya daɗe a wuri, wucewa ɗaya da sauri tsabtar ido kawai take bayarwa. Saboda haka inda jariri yake rarrafe da inda ake shimfiɗa ledar cin abinci, ki rage sauri sosai. Amma kada ki bar ta tsaye a wuri ɗaya fiye da daƙiƙa ashirin, kuma kada ki jingine ta tana kunne ki tafi amsa sallama, domin tana barin farin tabo, tana iya fasa tayil mai rami a ƙasa.

Layukan da ke tsakanin tayil su suka fi riƙe datti. Ki bi layin da tururi, ki goga da tsohon buroshin haƙori tun yana da zafi, ki share abin da ya fito da tsumma a hannu. Ba kullum ake wannan ba, sau ɗaya a wata ya isa.

Idan ruwa ya ƙare za ki ji sautin ya canza, tururi ya ragu. Ki kashe, ki zare daga soket, ki jira ta huce kafin ki buɗe murfi. Wasu na'urorin tankinsu yana tara matsi, kuma buɗe shi da zafi yana watso tururi a fuska. Haka nan idan an ɗauke wuta kina tsakar aiki, ki zare filogi nan take, kada a maido da ita mofar tana zaune a kan tayil ba kowa a wurin.

Wata matsala da za ki iya gani a makon farko ita ce ƙasan ya yi dishi-dishi da zane-zane bayan ya bushe. Ragowar omo da turaren shekaru ne da suka yi fata a kan tayil, tururi ya taso da su. Ki ci gaba da sabon tsumma, bayan guga uku ko huɗu zai washe.

Mataki na 7: Iska da lokaci

Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, ki yi aikin bayan sallar asuba ko da yamma liƙis, taga a buɗe, domin tururi a rufaffen ɗaki da tsakar rana yana iya sa jiri. Da hunturu ki rufe tagogin da ke fuskantar gabas da arewa, inda iskar take shigowa, in ba haka ba ƙura za ta manne a danshin kafin ya bushe. Iskar lokacin a bushe take, ba ki buƙatar fanka. Da damina ne ƙasa take jinkirin bushewa, sai ki buɗe ko'ina ki kunna fanka, kuma kada ki mayar da kafet sai kin taɓa kin ji babu sanyin danshi.

Mataki na 8: Bayan an gama

Ki zare daga wuta, ki bar ta ta huce a kan tsohon tsumma, ki cire na ƙafarta nan take. Tsumman da ya kwana a jiƙe a jikin mofa yana wari, yana kuma ɓata wurin da aka ajiye ta. Ki juye ragowar ruwan tanki, ki bar murfin a buɗe ya sha iska. Tsummokin ki jiƙa su a ruwan ɗumi da ɗan sabulu, ki cuɗa, ki ɗauraye sosai, ki shanya a rana. Kada ki sa musu bilic ko ruwan laushin tufafi, na farko yana cinye zaren, na biyu yana toshe shi ya daina shan ruwa. Ruwan ɗaurayar ki zuba wa bishiyar tsakar gida. Ki naɗe wayar sakwa-sakwa, ki ajiye mofar a tsaye, ki lulluɓe ta da tsohon zane saboda ƙura.

Idan kin ga tururi ya fara raguwa alhali wuta tana da ƙarfi, farin ɓawon nan ne ya soma taruwa. Tana a sanyaye ki soka allura ko siririyar waya a ƙofar da tururi yake fita. Wasu kamfanonin sun yarda a wanke cikin da farin ruwan khal, wato binega, da aka sirka da ruwa, wasu sun hana, saboda haka ki duba takardar taki. In an yarda, ki yi a tsakar gida, ki bi da tanki biyu na ruwa zalla kafin ki koma ɗaki, domin tsami yana cin marmara da tarazo.

Inda tururi bai isa ba

Fitsarin yaro da sauran najasa a fara kwashe su, a wanke wurin da ruwa mai tsarki kamar yadda aka saba, sannan a bi da tururi in ana so. Sa shi kai tsaye a kan fitsari yana tayar da zarni, kuma tsumman zai yaɗa shi. Idan kuma akwai mai amai da gudawa a gida, wanda muke yawan gani da damina, to a ajiye maganar gudun sinadari a gefe. A yi amfani da ruwan kulorin yadda ma'aikatan lafiya suka nuna, a sa safar hannu, a buɗe taga, a fitar da mai asma daga ɗakin har wurin ya bushe. Kada kuma a taɓa haɗa bilic da khal ko da ruwan wanke masai, haɗin yana fitar da iska mai guba.

Idan babu wuta ko babu na'urar

Ana samun kusan wannan sakamako da tafasasshen ruwa, sai dai ya fi cin lokaci. Ki yi shara da kwashe ƙura kamar yadda aka faɗa a mataki na huɗu. Ki tafasa ruwa lita biyu, ki juye a roba mai kauri. Ki tsoma tawul na auduga, ki ɗaga shi da muciya ko sanda, ki matse shi da matsin bokitin mofa ko ki sa safar roba mai kauri, har ya daina ɗiga. Ki shimfiɗa shi a ƙasa, ki ɗora busasshiyar mofa ko sandar goge ruwa a kansa, ki tura a hankali tun yana huci. Idan ya huce ko ya yi datti ki ajiye shi gefe ki ɗauki wani, kada ki mayar da mai datti cikin ruwan. A ɗakin girki ki jiƙa 'yar kanwa kamar girman ƙwayar dabino a cikin ruwan, tana yanke maiƙo, sannan ki bi da tawul na ruwa zalla don kada ta bar fari. Wannan hanya tana yi har a kan ledar ɗaki, muddin kin bar ruwan ya sauka zuwa ɗumin da hannu yake iya jurewa, kin kuma matse tawul ɗin sosai yadda ruwa ba zai shiga mahaɗar ledar ba.